Birnin Kano a Idon Masu Yawon Buɗe Ido

Gabatarwa

Birnin Kano shi ne hedkwatar Jihar Kano, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga watan Mayu na shekarar 1967, kuma take da ƙananan hukumomi 44. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa jihar tana da mutane fiye da miliyan 9, kuma birnin yana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Da yawa daga cikinmu mazauna karkara mun san Kano ne a matsayin wurin da ake zuwa cin kasuwa, ko ganin likita, ko karɓar takarda a ofis, ko kai yaro makaranta. Ba kasafai muke tuna cewa akwai mutanen da ke biyan kuɗin jirgi daga wata ƙasa mai nisa domin kawai su ga tsohuwar ganuwa, ko su tsaya a bakin karofi suna kallon marini yana tsoma zane a ruwan baba ba. Irin waɗannan baƙi su ake kira masu yawon buɗe ido.

Mun shirya wannan bayani ne domin jama'ar karkara da shugabanninsu su san yadda baƙi ke kallon babban birninmu: abin da ke kawo su, abin da ke burge su, da kuma abin da ke hana wasu zuwa. Sanin wannan yana da muhimmanci, domin sunan da Kano ta yi a duniya ya dogara ne a kan tsofaffin gine-gine da sana'o'in hannu da al'adu, waɗanda da yawa daga cikinsu suna hannun mutanen ƙauyuka, kuma suna iya ɓacewa idan ba a kula da su ba.

Baƙin Farko da Abin da Suka Rubuta

Kano ta daɗe tana karɓar baƙi. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun zo daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, sun kuma ƙarfafa addinin Musulunci a fada. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wato daga 1463 zuwa 1499, Shehu Muhammadu bin Abdulkarim al-Magili ya zo daga Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya zauna a Kano, ya rubuta wa sarki nasiha a kan yadda ake tafiyar da mulki. A ƙarni na 16 kuwa, Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da suna Leo Africanus, ya ambaci Kano a littafinsa a matsayin gari mai ganuwa, mai attajirai da masu sana'a.

Turawan da suka zo a ƙarni na 19 su ne suka fi yaɗa sunan Kano a ƙasashen Turai. Hugh Clapperton, wani hafsan sojan ruwa na Ingila, ya shigo birnin a watan Janairu na 1824, a zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya ba da labarin cewa ya sa kayan sarkinsa yana tsammanin jama'a za su taru su kalle shi, amma kowa ya ci gaba da harkar gabansa. Ya ƙiyasta mazauna birnin tsakanin 30,000 da 40,000. Abin da ya fi burge shi shi ne tsarin kasuwa. Ya lura cewa ana sanya sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko zane, ta yadda idan aka kai kayan har Barno aka tarar ba su da kyau, ana iya dawo da su a karɓi kuɗi. Har ma ya sayi laima ƙirar Ingila a kasuwar, wadda ta ƙetaro Sahara a kan raƙumi.

Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851, a zamanin Sarki Usman. Ya hau Dutsen Dala ya dubi birnin daga sama, ya ƙiyasta mazaunansa kimanin 30,000, ya kuma ce adadin yana ƙaruwa ƙwarai lokacin da ayarin fatake suka sauka. Ya bayyana yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano ke kaiwa Tambutu da Gat da Murzuƙ da Tarabulus, ya kuma yaba da cewa sana'ar tana gudana ne a cikin gidajen mutane, ba tare da ta raba magidanci da iyalinsa ba.

Sai dai waɗannan baƙi biyu ba yabo kaɗai suka yi ba. Dukansu sun koka da kududdufai da ruwan da ke kwance a tsakiyar gari, musamman wajen Jakara, da kuma rashin lafiyar da ke tattare da su. Ke nan tun shekaru kusan 200 da suka wuce baƙo yana yabon kasuwarmu da aikin hannunmu, yana kuma ƙorafi a kan tsaftar muhallinmu. Har yau waɗannan abubuwa biyu su ne suka fi fitowa daga bakin maziyarta.

Zamanin Jirgin Ƙasa da Jirgin Sama

Bayan da sojojin Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, hanyar zuwa birnin ta sauya. Layin dogo daga kudu ya iso Kano a 1911, sai fatauci ya karkata daga Sahara zuwa bakin teku. Daga nan noman gyaɗa ya bunƙasa, aka riƙa jera buhuna ana yin dalar gyaɗa kafin jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Legas. Hoton wannan dala ya yaɗu a littattafan makaranta da katunan gaisuwa, har ya zama shi ne abin da mutane da yawa a duniya suka sani game da Kano. Dalar gyaɗa ta ɓace tun cikin shekarun 1970, bayan fari da cutar gyaɗa da komawar hankalin ƙasa ga man fetur, amma har yanzu ana samun baƙon da zai sauka ya tambayi inda take.

A shekarar 1925 jiragen sama na sojan Ingila suka sauka a Kano, kuma wannan ita ce saukar jirgin sama ta farko a Nijeriya. Filin jirgin da ake kira Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano a yau shi ne mafi daɗewa a ƙasar. Shekaru da dama jiragen da ke tashi daga Turai zuwa kudancin Afirka suna yada zango a Kano su sha mai, matafiya kuma su sami damar leƙa gari. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta ziyarci Kano a 1956, a zamanin Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya. Haka nan dubban alhazai daga sassan Arewa sun riƙa tashi zuwa ƙasa mai tsarki ta wannan fili, wanda ya sa Kano ta zama gari na farko da mutanen ƙauyuka da yawa suka fara gani a rayuwarsu.

Wuraren da Baƙi Suka Fi Nema

Dutsen Dala. Nan ne tushen birnin. Masu bincike sun sami alamun narkar da tama a kewayen dutsen tun kafin kafuwar sarauta, kuma tarihi ya danganta shi da Barbushe da bautar Tsumburbura kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafin farkon mulkinsa daga shekarar 999. An yi matakala zuwa samansa, daga can kuma ana hango tsohon birni da Goron Dutse da hasumiyoyin Babban Masallaci. Baƙi sun fi son hawa da sassafe ko da yamma. A ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, jama'ar gari kan cika dutsen maƙil.

Ganuwa da ƙofofi. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa, sarakunan da suka biyo baya suka kammala ta suka kuma faɗaɗa ta, cikinsu har da Muhammadu Rumfa. Daga cikin ƙofofinta akwai Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Mata, Ƙofar Wambai, Ƙofar Mazugal, Ƙofar Ruwa, Ƙofar Dawanau, Ƙofar Waika, Ƙofar Kansakali, Ƙofar Kabuga, Ƙofar Dukawuya, Ƙofar Gadon Ƙaya, Ƙofar Na'isa, Ƙofar Ɗan'agundi da Sabuwar Ƙofa. A shekarar 2007 aka sanya ganuwar da wuraren da ke tare da ita a cikin jerin wucin gadi na kayan tarihin duniya na hukumar UNESCO, wato hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da kimiyya da al'adu. Shiga wannan jeri mataki ne na farko kawai. Ba a kai ga cikakkiyar amincewa sai an nuna cewa ana kiyaye wurin.

Gidan Rumfa da Gidan Makama. Gidan Rumfa shi ne fadar Sarkin Kano tun ƙarshen ƙarni na 15, kuma yana cikin fadodin da suka fi daɗewa ana zaune a cikinsu a wannan yanki na Afirka. Baƙi suna sha'awar soraye da bakan gizo da zanen da magina suka yi a jikin bango. Kusa da fadar akwai Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi. A cikinsa akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da kayan sana'a, da hotunan sarakuna da na zamanin Turawa. Babban Masallacin Juma'a da ke gefen fada, wanda aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, shi ma yana cikin abubuwan da ake zuwa gani.

Kasuwar Kurmi. An kafa ta a zamanin Rumfa, kuma ita ce kasuwar da Clapperton da Barth suka bayyana. Lungunanta ƙanana ne, baƙo yana iya ɓata idan ba shi da ja-gora. Abin da ake nema a cikinta shi ne kayan dukanci, kayan doki, huluna, riguna masu aiki, tsakiya, ƙwarya mai zane, kayan tagulla da takubba. Jar fatar akuya da aka jeme a ƙasar Hausa ta daɗe tana ƙetara Sahara, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Maziyarta da yawa sai sun zo Kano suke jin asalin wannan suna.

Karofin Ƙofar Mata. Ana danganta kafuwarsa da shekarar 1498. Marina suna haɗa baba da toka da ruwa a cikin rami mai zurfi, su bar shi ya yi kwanaki har ya nuna, sa'an nan su riƙa tsoma zane suna fitar da shi ya sha iska har launin ya kama. Mata ne a cikin gidaje ke yin ɗaurin da ke fitar da zane a jikin yadin, mabuga kuma su buge shi har ya yi ƙyalli. Wannan wuri yana cikin waɗanda aka fi ɗaukar hotonsu a Kano. Amma duk wanda ya je zai ga cewa ramuka da yawa sun bushe, kaɗan ne ake aiki a cikinsu, saboda rinin zamani da yadin da ake shigo da shi daga waje sun fi araha.

Gidan Ɗan Hausa. Nan ne gidan Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Nassarawa a 1909, wanda mutane suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa saboda iya harshen. Ginin na ƙasa ne irin na gargajiya, kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ce ke kula da shi.

Hawan Sallah

Idan aka tambayi baƙon waje abu guda da yake son gani a Kano, mafi yawa Hawan Sallah za su ambata. Ana yin sa sau biyu a shekara, a Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah, kuma yana ɗaukar kwanaki. Ranar idi ake Hawan Sallah. Kashegari ake Hawan Daushe, inda Mai Martaba Sarki ke zuwa Babban Ɗaki gaida mahaifiyarsa, ya dawo Ƙofar Kudu hakimai su yi masa jafi. Wannan ita ce ranar da jakadu da manyan baƙi suka fi halarta. Sai Hawan Nassarawa, inda Sarki ke ziyartar Gidan Nassarawa da Gidan Gwamnati, ya kuma ratsa unguwannin wajen gari. Ana rufewa da Hawan Ɗorayi a Ƙaramar Sallah, ko Hawan Fanisau a Babbar Sallah.

Abin da ke ɗaukar hankalin baƙo shi ne yawan dawaki da adonsu, da 'yan lifidi da 'yan sulke da dogarai, da ƙarar bindigogin gargajiya da kakaki da algaita da tambura. A tsawon mulkin marigayi Sarki Ado Bayero, daga 1963 zuwa 2014, hawan ya yi suna ƙwarai a ƙasashen waje. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallah na Kano a cikin jerin al'adun gado na ɗan'adam da ya kamata duniya ta kiyaye.

Duk da haka, an sami lokutan da hawan bai yiwu ba. An dakatar da shi a 2020 saboda annobar korona, an kuma hana shi a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 bisa dalilan tsaro, a daidai lokacin da ake takaddama a kan sarautar Kano. Duk lokacin da aka fasa hawa, asarar ba ta tsaya a kan masu otal ba. Tana shafar maɗinka, da masu kayan doki, da masu sayar da harawa da dusa, da makaɗa, da direbobi, da masu abinci. Baƙon da ya shirya tafiya tun watanni kafin Sallah, idan aka fasa sau ɗaya ko sau biyu, da wuya ya sake sa rai.

Baƙi Iri-iri Ne

Kuskure ne a ɗauka cewa Bature kaɗai ne mai yawon buɗe ido. Baƙin Turai da Amurka da Asiya su ne mafi ƙaranci, kuma yawancinsu masu bincike ne, ko ma'aikatan ofisoshin jakadanci, ko ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Su suna kallon Kano a matsayin tsohon birnin fataucin Sahara, kuma tsohon abu suke nema, ba sabo ba. Gadar sama ko babban kanti ba ya burge su, domin sun baro irinsu a gida.

Baƙi daga Nijar da Chadi da Kamaru da sauran maƙwabta suna kallon Kano a matsayin uwar kasuwa. Suna zuwa Kantin Kwari sayen yadi, Dawanau sayen hatsi, Sabon Gari da Singa sayen kayan masarufi. Ba sa kiran kansu masu yawon buɗe ido, amma suna kwana a masauki, suna cin abinci, suna hawa adaidaita-sahu, suna kuma komawa gida da labarin yadda aka karɓe su. Taken jihar, wato Cibiyar Kasuwanci, a wurinsu ya fi tabbata.

Akwai kuma masu zuwa don addini da ilimi: ɗalibai masu neman karatu a zaurukan malamai, da mahalarta Maukibin Ƙadiriyya da ake yi kowace shekara, da masu zuwa tarukan Tijjaniyya, da malaman da ke zuwa taro a Jami'ar Bayero. Tun daga shekarun 1990, fina-finan Hausa da ake shiryawa a Kano sun sa matasa daga Ghana da Sudan da wasu ƙasashe masu jin Hausa suna marmarin ganin birnin da idonsu.

'Yan'uwanmu na kudancin Nijeriya kuwa ra'ayinsu ya kasu biyu. Waɗanda ba su taɓa zuwa ba sukan tuna da rikice-rikicen da suka ji a labarai, kamar na Maitatsine a watan Disamba na 1980, ko su ɗauka cewa dokokin Shari'a da aka ƙaddamar a shekarar 2000 za su takura wa baƙo. Waɗanda suka zo suka zauna, kamar matasa masu yi wa ƙasa hidima da 'yan kasuwa, sukan koma suna yabon araha da amana da sauƙin kan mutane, suna kuma kewar gurasa da kilishi da fura da nono. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Rukuni na ƙarshe su ne 'ya'yanmu: ɗaliban firamare da na sakandare da ake kawowa daga ƙananan hukumomi su ga Gidan Makama da Gidan Zoo na Audu Bako. Bai kamata a raina wannan ziyara ba, domin yaron da ya ga kayan tarihin garinsu da idonsa ya fi kusa da kare su idan ya girma.

Abubuwan da Ke Rage wa Birnin Ƙima

Na farko shi ne batun tsaro. Hare-haren ranar 20 ga Janairu 2012, waɗanda suka halaka mutane fiye da 180, da harin da aka kai Babban Masallacin Juma'a ranar 28 ga Nuwamba 2014, sun girgiza birnin, sun kuma yaɗu a kafofin labarai na duniya. Daga wancan lokaci gwamnatocin Ingila da Amurka suka riƙa sanya Kano a cikin wuraren da suke gargaɗin 'yan ƙasarsu game da zuwa. Irin wannan gargaɗi yana hana kamfanonin shirya tafiye-tafiye kawo mutane, kuma yakan daɗe a rubuce ko bayan al'amura sun lafa. Ba a kawar da shi da musu, sai da zaman lafiya mai ɗorewa.

Na biyu shi ne lalacewar kayan tarihi. Ganuwa ta zube a wurare da yawa. Ruwan sama ya ci wani ɓangare, masu ɗibar ƙasa sun ci wani, gine-gine kuma sun hau kan wani. An sake gina wasu ƙofofi da siminti domin faɗaɗa titi, wanda ya sauƙaƙa zirga-zirga amma ya kawar da siffarsu ta asali. Baƙon da ya karanta labarin ganuwa a littafi yakan yi mamaki idan aka nuna masa tudun ƙasa da shara a gefensa. Abin da aka gina a ƙarni na 12 idan ya rushe, ba kuɗin da zai dawo da shi.

Na uku shi ne tsafta da cunkoso. Leda a magudanun ruwa, da bola a bakin hanya, da hayaƙin ababen hawa, da rashin makewayi mai kyau a wuraren ziyara, su ne ƙorafin da aka fi maimaitawa. Na huɗu shi ne ƙarancin ƙwararrun 'yan ja-gora da allunan bayani. Sau da yawa baƙo yakan tsaya a gaban wuri mai ɗimbin tarihi ya rasa wanda zai gaya masa ko mene ne, ko kuma a ba shi labarin da ba shi da tushe. Haka nan tsawwala farashi don an ga baƙo, da yara masu bin sa suna roƙo, suna ɓata sunan gari baki ɗaya saboda ribar yini guda.

Yanayi ma yana da tasiri. Baƙi sun fi jin daɗin zuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyi, ko da yake hazo yakan jinkirta saukar jirage. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, yawo da rana ya yi wuya.

Rabon Karkara

Yawancin abin da baƙo ke yabawa a birni, asalinsa daga karkara yake. Dawakin da ke cika Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe suna zuwa ne tare da hakimai daga gundumominsu, kuma a ƙauyuka ake kiwon su. Garin Kura ya shahara da rini da bugu, har rawanin ɗan Kura da turkuɗi suka yi suna a wurin Buzaye a Agadas da sauran sassan Sahara. Tukwane da tabarmi da faifai da ƙore da fatun da ake sayarwa a Kurmi, mutanen ƙauye ne ke samar da mafi yawansu. Idan samari suka daina koyon waɗannan sana'o'i, rumfunan Kurmi za su cika da kayan roba na waje, baƙo kuma ba zai sami dalilin shiga ba.

Bugu da ƙari, akwai wuraren ziyara a wajen birni. Gwamnatin marigayi Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975, ta gina madatsun ruwa da dama, cikinsu har da na Bagauda da na Tiga, wanda aka kammala a 1974, ta kuma yi tanadin masaukai a kusa da su. Tsohon otal ɗin Bagauda yanzu harabar Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya ce. Akwai madatsar ruwa ta Challawa a yankin Ƙaraye, da duwatsun Rano da Rurum, da tsaunukan Riruwai a Ƙaramar Hukumar Doguwa, da Dajin Falgore a kudancin jihar, da kasuwar shanu ta Wudil da ke ci ranar Juma'a. Tsofaffin garuruwa irin su Rano da Gaya da Ƙaraye suna da tarihin da ya kai ɗaruruwan shekaru. Baƙon da ya kwana uku a Kano yana iya ware yini guda don ɗaya daga cikin waɗannan wurare, muddin hanya tana da kyau, akwai tsaro, akwai kuma wanda zai tarbe shi.

Abin da Ake Bukata Daga Shugabanni da Jama'a

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da jami'an watsa labarai da su rubuta jerin wuraren tarihi da ke yankunansu, kamar tsofaffin ganuwoyi, masallatai, rijiyoyi, karofi, maƙera da kufai, su miƙa wa Hukumar Tarihi da Al'adu da Hukumar Yawon Buɗe Ido ta jiha. Wurin da ba a rubuta shi ba, yana da sauƙi a yanka shi a matsayin fuloti ba tare da kowa ya lura ba.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni su hana ɗibar ƙasa daga jikin ganuwa da yin gini a kanta, su kuma sanar da hukuma idan aka haƙo wani tsohon abu a gona ko wajen tona harsashi. Doka ta hana sayar da kayan tarihi ga masu fitar da su waje. Ya dace kuma a zauna da dattawan da suka san tarihin gari a ɗauki bayaninsu tun suna raye.

Shugabannin makarantu su riƙa shirya wa ɗalibai ziyara zuwa wuraren tarihi na kusa da na birni. Masu sana'ar hannu su haɗa kai a ƙungiyoyi domin su sami damar baje kayansu a kasuwar baje koli ta Kano da sauran taruka, su kuma riƙe inganci da farashi na gaskiya, kamar yadda kakanninmu suka yi har baƙo ya rubuta shi a 1824.

Idan baƙo ya iso ƙauye, a kai shi wurin mai gari tukuna, a haɗa shi da wanda zai zaga da shi. A sanar da shi al'adunmu cikin ladabi: ya yi shigar mutunci, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutum, musamman mata, kada ya shiga gida ko masallaci sai an yi masa iso. Mafi yawan baƙi suna son a gaya musu waɗannan abubuwa, domin ba su zo da niyyar saɓa wa kowa ba. Idan kuma aka ga baƙon da ba a gane take-takensa ba, a sanar da jami'an tsaro, kada a ɗauki doka a hannu.

Kammalawa

Ana yi wa birninmu kirari da Kano ta Dabo, tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Baƙin da suka zo tun daga zamanin Rumfa zuwa yau sun tabbatar da babban ɓangare na wannan kirari, sun kuma nuna mana inda muke da gyara. Ganuwa da karofi da Kurmi da Hawan Sallah amana ce da muka gada, kuma yadda za a kalli Kano nan da shekaru 50 ya danganta da abin da muka yi da ita a yau, a birni da ƙauye. Masu neman ƙarin bayani suna iya tuntuɓar sashen watsa labarai na ƙaramar hukumarsu. Allah Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.